Tsuntsu da Talaka a Fadamar Haɗeja-Nguru: Waiwayen Tarihi

Wata rana da hunturu ina cikin aji ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare da ke kan hanyar Nguru, sai wani ɗalibina ya ɗaga hannu ya ce yana da abin da zai nuna mini. Da ya matso ya buɗe tafin hannunsa, sai na ga wani ɗan zoben ƙarfe marar nauyi, an zana masa lambobi da rubutun boko. Ya ce yayansa ne ya cire shi daga ƙafar wata agwagwar ruwa da ta faɗa a kalli. Na bayyana wa 'yan ajin cewa masana tsuntsaye a ƙasashen Turai su ke maƙala irin wannan zobe, domin su gane inda tsuntsu ke zuwa idan sanyi ya koro shi daga can. Yaron ya yi jim, sa'an nan ya ce, "To Malam, su da suke bin sawun agwagwa tun daga Turai, sun kuwa san kachalla ta cinye gonar shinkafar babanmu?"

A ranar dai kewaye tambayar na yi, na ce mu koma kan darasi, kamar yadda mu malamai kan yi idan yaro ya ƙure mu. Amma ta zauna mini a rai, domin ita ce tambayar da aka yi shekaru fiye da arba'in ana kai-kawo a kanta a ƙasashe masu tasowa, wato shin kare namun daji da tsuntsaye da itatuwa kishiyar ci gaban ɗan Adam ne, ko kuwa abokin tafiyarsa ne? Masana sun cika littattafai a kan haka. Ni a nawa ɗan ganin, tarihin fadamar Haɗeja-Nguru ya isa ya ba mu abin dubawa, tun da yake a ƙofar gidanmu aka yi shi, kuma da yawa daga waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

Fadamar da mutanenta

Ga wanda bai san yankin ba, koguna biyu ne suka haifi wannan fadama. Na farko Kogin Haɗeja, wanda ya samu daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, ya bi ta Wudil ya nufi gabas. Na biyu Kogin Jama'are, wanda ya gangaro daga duwatsun Jos ya ratsa ƙasar Bauci ta wajen Katagum. Da suka iso ƙasar Haɗeja da Bade sai suka tarar da fili shimfiɗaɗɗe, ga kuma tsofaffin tuddan rairayi, irin waɗanda muke kira jigawa, sun yi layi-layi sun tare musu hanya. Saboda haka sai ruwan ya rarrabu, ya yi rassa da tafkuna da gulabe, ya malale tsakanin tuddan, kafin abin da ya rage ya sake haɗuwa kusa da Gashuwa ya zama Kogin Yobe, wanda Barebari ke kira Komadugu. Daga nan ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Difa har ya faɗa Tafkin Cadi.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, yawancin ruwan nan baƙo ne. Damina a Nguru gajeriya ce, ruwan samanta kuma bai taka kara ya karya ba. Ruwan da ya sauka a ƙasar Kano da Jos shi ke yin tafiyar makonni ya iso, ya cika fadama a watan Agusta da Satumba, sa'an nan ya soma janyewa sannu a hankali daga Oktoba har ƙasa ta bushe da bazara. A kan wannan cikowa da janyewa Haɗejawa da Badawa da Mangawa da Fulani da sauran mazauna wurin suka gina rayuwarsu tun kaka da kakanni.

Ga yadda shekara kan tafi a da. Da ruwan shuka manomi zai zuba gero da dawa a kan tudu, ya zuba shinkafa a kwari. Idan cikowa ta zo shinkafar kan yi ta tashi tare da ruwan, a yanke ta bayan ya soma ja da baya. A daidai wannan lokaci kifi kan bar tsakiyar kogi ya bazu cikin ciyawar da ruwa ya rufe, ya yi ƙwai, 'ya'yan su yi ƙiba. Da ruwa ya juya sai masunta su tare shi da koma da birgi da mali, a kama tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa, a ci, a banda saura. Inda ruwa ya janye kuma sai manomi ya bi laimar da wake, a bakin gulbi a kafa jigo a yi lambun albasa da tattasai. Can da rani ya yi nisa, ciyawar tudu ta ƙare, sai Fulani su gangaro da shanu su ci burgu da karan shinkafa, su bar wa gona taki. Mata suna yanko kabar goriba su saƙa tabarma da igiya, ana samun itacen girki daga bagaruwa da giyayya, ana ɗibar kanwa, a shekarar yunwa kuma har bado akan ci. Ka ga ke nan fili ɗaya yakan ciyar da masunci da manomi da makiyayi da masaƙiya a cikin shekara guda, kowa da lokacinsa. Da layin dogo ya isa Nguru a 1930, sai bandar kifi da shanu da fatu na wannan yanki suka riƙa kaiwa Kano har Ikko.

Kuma ba a bar abin sakaka ba. Akwai Sarkin Ruwa, akwai bulamai da lawanai, akwai tafkunan da ba mai jefa koma a cikinsu sai ranar da aka buɗe su aka yi su na gayya. Bikin kamun kifi na Bade da ake yi a kusa da Gogaram daga irin wannan al'ada ya samo tushe. Ban ce zamanin nan aljanna ba ne, domin an yi yunwa, an yi rigimar gona da ta mashaya, masu sarauta kuma sun ci rabonsu har da na wasu. Amma dai akwai ƙa'idar da kowa ya sani.

Tsuntsaye su ma a kan wannan cikowa suke. Akwai 'yan gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da jinjimi da gauraka. Akwai kuma baƙi masu tsallako Sahara daga Turai da Rasha idan sanyi ya kama can, su iso wajen Oktoba, su koma wajen Maris. Bayan sun ratsa hamada, wannan fadama tana cikin wuraren farko da suke tarar da ruwa. An ƙidaya ire-iren tsuntsaye sama da 370 a yankin, kuma a ƙidayar da aka yi a 1997 tsuntsayen ruwa kaɗai sun haura 300,000.

Shinge da madatsa

Tunani biyu ne suka shigo mana a ƙarni na ashirin, kowanne kuwa da ido ɗaya ya kalli irin wannan wuri. Na farko shi ne na keɓe daji. Tun da Amurka ta kafa gandun Yellowstone a 1872 aka ɗauka cewa hanyar kare halitta ita ce a shata iyaka a fitar da mutane. Turawan mulkin mallaka suka kawo wannan Afirka. A Nijeriya an yi dokar kare namun daji a 1916, aka yi ta yanka gandun daji, aka keɓe Yankari a 1956. A Gabashin Afirka an tashi makiyayan Masai daga Serengeti a 1959. A ƙarƙashin wannan tunani mafarauci ya koma ɓarawon nama, mai yankan kaba ya koma mai laifi, ɗan ƙauye kuma ba ya ganin komai daga gandu sai sandar ma'aikacin daji. Ba abin mamaki ba ne da talaka ya ɗauki kare dabba a matsayin sha'awar Bature da ya ƙoshi.

Tunani na biyu shi ya fi taɓa fadamarmu, wato na ci gaba ta hanyar madatsar ruwa. A idon injiniyan wancan zamani, ruwan da ya malale a fadama rana ta shanye shi asara ce kurum. Gwamnan Jihar Kano na farko, Audu Bako, ya gina madatsar Bagauda, sa'an nan ya gina babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974. Daga gare ta aka ja magudanar da ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a 1992 kuma aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Madatsun nan biyu su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja.

A nan sai a yi adalci. Waɗanda suka yi wannan aiki sun ga farin 1972 zuwa 1974 da idonsu, sun ga shanu suna faɗuwa, sun ga mutane suna tona gidan tururuwa. Birnin Kano yana ta girma yana neman ruwan sha, kuma har yau daga abin da madatsun ke saki yake sha. Duk wanda ya ratsa Kura ya ga shinkafa da tumatir da alkama ya san an amfana. Inda aka yi kuskure shi ne ba a sa mutanen ƙasan kogi a lissafi ba. Shinkafar Guri da kifin Gashuwa da nonon Fulanin Bade ba sa shiga littafin gwamnati, don haka aka ɗauka babu su.

Ba a jima ba sakamako ya bayyana. A ƙarshen shekarun 1960 filin da cikowa kan rufe ya haura murabba'in kilomita 2,000. A 1993 bai kai 500 ba. Gaskiya ne farin 1983 da 1984 yana da nasa hannu a ciki, amma madatsa ta ɗora wa fari kaya. Gonakin shinkafa suka koma faƙo, kifi ya ragu, itatuwan da suka saba da tsayuwa cikin ruwa wata biyu suka soma bushewa. Har ƙauyukan da ke nesa da kogi sun ji a jikinsu, domin ruwan cikowa shi ke nitsewa ƙasa ya cika rijiyoyinsu. Daɗin daɗawa, da gwamnati ta hana shigo da shinkafa a 1985 da alkama a 1987, ga kuma ƙananan injinan ban ruwa sun yaɗu, sai masu hali suka ruga bakin gulbi suka kama filaye, suka nome har mashaya da burtali. Fadama ta tsuke, masu nemanta sun ƙaru. Yawancin rigimar manoma da makiyaya da aka sha a yankin a shekarun nan daga nan ta taso.

Waɗanda suka zo don tsuntsu

Yanzu bari mu koma kan masu zobe. A bazarar 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ya saba cika musu shingaye, ya ragu da fiye da rabi a shekara ɗaya. Da aka bincika sai aka gano fari ne ya kashe shi a bakin Sahara, inda yake cin rani. Daga nan suka fahimci cewa komai tattalin da suka yi wa tsuntsu a gida, idan ya zo Afirka bai sami ruwa ba aikin banza suka yi. Wannan shi ya jawo hankalinsu zuwa ga fadamun Afirka ta Yamma.

A daidai lokacin kuma ra'ayi yana sauyawa a duniya. Yarjejeniyar kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971 ta yi maganar amfani da fadama cikin hikima, ba ta ce a kulle ta ba. A 1980 ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu, tare da asusun WWF da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fitar da wani kundi da ya ce kare halitta da raya ƙasa ba za su yiwu a rabe ba. Rahoton kwamitin Uwargida Brundtland na 1987 da taron ƙoli na birnin Riyo a Burazil a 1992 suka ƙarfafa wannan magana. Faɗa a zauren taro dai ba wuya. Wuyar tana wurin aikatawa.

A 1987 aka kafa Shirin Kare Fadamar Haɗeja-Nguru, aka sa ofishinsa a Nguru. IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila, RSPB, da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, NCF, su suka haɗa hannu da gwamnati a kai. Da fari abin ya ɗauki salon da aka saba: ƙidayar tsuntsaye, horar da masu gadi, keɓe wasu tafkuna. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, wanda a lokacin shi ke shugabantar WWF, ya zo har tafkin Dagona ya kalli agwagi. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihohin Jigawa da Yobe, Dagona ta shiga cikin Gandun Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi. Hana su da kiwo da saran itace a wuraren da aka keɓe ya jawo tsamin dangantaka tsakanin ƙauyawa da masu gadi, kamar dai yadda aka gani a ko'ina.

Amma ma'aikatan shirin ba su daɗe ba suka gane wani abu wanda kowane masunci ya riga ya sani. Tarkon yaro da bindigar maharbi ba su ne manyan abokan gabar agwagwa ba. Idan cikowa ba ta zo ba, ko soja ka jibge a bakin tafki ba tsuntsun da zai sauka, tun da ba ruwa, ba ƙwaro, ba tsabar ciyawa. Wanda ke riƙe da ran tsuntsun Dagona yana can zaune a bakin ƙofar madatsa, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Shi ne kuma dai ke riƙe da shinkafar manomi da kifin masunci. To, daga nan aikin ya juya. Mutanen da suka zo ƙirga tsuntsu suka koma auna ruwa a gadoji, suna shawagi da ƙaramin jirgin sama suna zana iyakar cikowa, suna bin kasuwanni suna tambayar kuɗin buhun shinkafa da kwandon kifi da damin itace. A ganina wannan juyi shi ne abu mafi muhimmanci a duk tarihin nan.

Lissafin ruwa

A farkon shekarun 1990 wasu masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka yi wani lissafi mai sauƙin fahimta. Suka tara abin da fadama ke bayarwa ta fuskar noma da su da itacen wuta kawai, suka kwatanta shi da abin da aikin noman rani na Kogin Kano ke bayarwa, suka raba kowanne da yawan ruwan da yake sha. Sai ga shi kowace ganga ta ruwa da aka bari ta malala a fadama tana jawo arzikin da ya ninka na wadda aka tura Kadawa sau da yawan gaske. Kuma ba su sa kiwo a lissafin ba, ba su sa ruwan rijiya ba, balle tsuntsu. Marigayi Ted Hollis, masanin ilimin ruwa na wata jami'ar Landan, shi da ɗalibansa suka yi amfani da kwamfuta suka nuna yadda cikowa za ta ƙara tsukewa idan aka gina duk ayyukan da aka tsara. A 1993 shi da Adams da Dokta Muhtari Aminu-Kano, wanda ya shugabanci shirin na Nguru, suka tattara binciken a littafi guda. Wani nazari da ya biyo baya a 1998 ya nuna cewa ribar da sababbin gonakin ban ruwa za su kawo ba za ta maye ko da kashi ɗaya cikin biyar na asarar da za a jawo wa fadama ba.

Amfanin wannan lissafi shi ne ya ba mutanen ƙasan kogi harshen da gwamnati ke ji. Da a ce an je wa minista da maganar agwagwar Turai, da murmushi kawai zai yi. Da aka je masa da naira da kwabo sai ya saurara. A 1993 aka yi taro a Cibiyar Nazarin Manufofi ta Kuru, aka zaunar da hukumomin koguna da wakilan jihohi, aka kawo shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Challawa a tsakiyar damina domin a kwaikwayi cikowa. Shawarar ba mafarki ba ce. A maƙwabciyarmu Kamaru, inda madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Waza-Logone, an buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe a 1994, ruwa ya sake rufe kimanin murabba'in kilomita 200, kifi da ciyawa da tsuntsaye suka dawo, makiyaya suka biyo su.

A nan gida ba a tsaya kan tsarin sakin ruwan yadda masana suka so ba. Amma muhawarar ta yi tasiri a wani wuri, wato madatsar Kafin Zaki da aka so ginawa a kan Kogin Jama'are. An soma ta aka tsaya a 1984, aka farfaɗo da ita aka sake tsayawa a 1994. Kuɗi da siyasa suna cikin dalilan tsayawar, amma tun daga lokacin duk sa'ad da aka tayar da maganar sai Yobe da Barno su miƙe da hujjojin da aka tara a Nguru. Mutanen Bauci kuwa suna cewa, don me Kano za ta datse nata kogi ta yi arziki, su a ce su bar nasu ya wuce? Wannan ma tambaya ce da ba a raina ta.

Kachalla

Sai kuma ga wata matsala da ba a zata ba, wadda ita ce ta cinye gonar baban ɗalibina. Kafin a gina Tiga, Kogin Haɗeja kan ƙafe da rani, ƙasan rafi ya tsage, shanu su tattake shi, duk ciyawar ruwa ta mutu. Da damina kuma cikowa ta zo da ƙarfi ta share yashi da laka. Madatsa ta juya wannan tsari. Ta rage ƙarfin ruwan damina, ta kuma riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk rani domin Kano da gonakin ban ruwa. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, shi ne abin da kachalla ke so. Daga shekarun 1990 ta bazu kamar wutar daji. Ta toshe tsohuwar hanyar Kogin Haɗeja da reshen Burum Gana, laka ta taru a gindinta, sai yawancin ruwan ya karkata ta reshen Marma zuwa tafkin Nguru.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. A gefe ɗaya ƙauyukan Marma da Nguru ruwa ya kwanta musu a gona shekara da shekaru, ya ci hanya, ya ci gidaje. A ɗaya gefen kuma waɗanda ke bakin rassan da suka toshe suna kallon busasshen rafi, ruwan Haɗeja kuwa da ƙyar wani abu nasa ke isa Gashuwa. Masunci ba ya iya tura kwalekwale cikin kachalla, saniya ba ta samun burgu, sauro da katantanwar tsargiya sun sami gida. Jan baki, wannan ɗan tsuntsu mai tafiya dubu-dubu, ya sami wurin kwana inda ba mai iya cim masa, ya riƙa fitowa da asuba yana share gero da shinkafa. Agwagin Turai su ma ba su tsira ba, domin buɗaɗɗen ruwa da laka suke nema, kachalla kuwa ta rufe su. Wato a shekarun 1980 ana kukan ruwa ya yi kaɗan, bayan shekara ashirin ana kukan ya ƙi tafiya. Abin da aka rasa a duka biyun shi ne ruwa ya zo a lokacinsa, ya kuma janye a lokacinsa.

Ta fuskar suna da takarda fadamar ta yi ta samun girma. A 2000 tafkin Nguru da reshen Marma suka zama wuri na farko da Nijeriya ta sa a jerin Ramsar, a 2008 aka ƙara Dagona da Baturiya. A 2006 gwamnonin jihohi shida da kogunan suka ratsa, wato Kano da Jigawa da Yobe da Barno da Bauci da Filato, suka haɗu a Damaturu tare da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusun kula da kogunan, aka kuma tsara daftarin yarjejeniyar rabon ruwa. A 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗeja-Nguru-Bade cikin wuraren da ake son a haɗa kare halitta da sana'ar mazauna. Duk wannan abin so ne, sai dai takarda ba ta cire kachalla.

Abin da na ga ya yi aiki da idona shi ne na mutanen ƙauye. Tun a shekarun 2000, da taimakon wani shiri da Biritaniya ta ɗauki nauyinsa, garuruwan bakin kogi suka soma haɗa kai, manomi da masunci da Bafulatani, suna fita gayya da lauje da adda, suna shiga ruwa iya wuya suna yanke kachalla daga ƙasa domin ta ruɓe. Inda aka buɗe rafi, ruwa ya koma ƙauyukan da suka yi shekaru ba su gan shi ba, ya kuma sauka daga gonakin da ya kwanta a kansu. Aiki ne mai wuya, ga matsattsaku, ga macizai, kuma idan aka yi sakaci shekara biyu ciyawar ta dawo. Bayan mummunar ambaliyar 2022 Jihar Jigawa ta ƙara himma wajen yashe kogi da injinan da ke tafiya a kan ruwa, abin ya kuma rage wa wasu garuruwa wahala. Amma muddin ana sakin ruwa duk rani ba tare da an bar kogin ya huta ya bushe ba, ana yanke ganye ne ana barin saiwa.

Da na koma wa 'yan ajin nan da wannan bayani bayan mako biyu, mun zana kogunan a allo, muka sa Tiga da Challawa a sama, Nguru da Gashuwa a ƙasa. Na tambaye su wane kogi ne har yanzu ke kawo cikowa irin ta da. Suka duba zanen suka ce Jama'are, tun da shi ne ba a datse ba. Haka abin yake. Ruwansa ne mafi yawan abin da ke wuce Gashuwa ya nufi Geidam da Difa, shi ke shayar da shinkafar Bade da barkonon bakin Komadugu, kuma a kan tafkunan da yake cikawa agwagi masu zobe ke sauka da kaka. Madatsar Kafin Zaki kuwa har yanzu ba a gina ta ba, ba a kuma soke maganarta ba.